An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta? Gardamarmu kan korar Pete Best daga Beatles

Kawu Mai Garmaho:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da la'asar ina kwashe tarkacen ɗakin baya saboda yoyon ruwa, sai na ci karo da akwatin fayafayan marigayi Yayana. Yawancinsu zafi ya lanƙwasa su, wasu gara ta cinye kwalinsu. Cikin 'yan kaɗan da suka tsira akwai wani ƙaramin faifai na Beatles, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, da tambarin kamfanin faifai na Parlophone a tsakiya. A gefe ga sunan Yaya da biro, don kada abokai su ara su hana. Daga Ingila ya zo da shi lokacin da aka tura shi kwas. Na zauna a kan buhu ina jujjuya shi har aka kira magariba, ina tuna gardamar da suka sha yi da abokansa a ƙofar gida.

Ga yaran da ba su san zancen ba: kafin Ringo Starr, mai yi wa Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta garin Liverpool, kiɗan ganga wani saurayi ne, Pete Best. Ya shiga cikinsu a watan Agustan 1960, ya yi shekara biyu cur tare da su, har da shan wahalar Jamus. Ranar 16 ga Agustan 1962 manajansu Brian Epstein ya kira shi ofis ya ce masa sauran ukun, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison, ba sa yi da shi. Ko wata biyu ba a yi ba faifansu na farko ya fito, daga nan duniya ta buɗe musu. Yaya har ya koma ga Allah yana cewa cin amana ne. Ku masu ilimin zamani, me kuka gani?

Abba Kop:
Kawu ni da na ga an ambaci Ingila na zaci zancen ƙwallo za a yi. Ashe garin namu har mawaƙa ya fitar.

Kawu Mai Garmaho:
Kai ɗan nan, garin naku na ina? Ko Kaduna ka taɓa wucewa?

Bash Mai Situdiyo:
Allah ya ƙara girma Kawu, Allah ya jiƙan Baba. Amma a gafarce ni, ba zan bi bayan marigayi ba. Ɗaukar sauti ita ce sana'ata, kuma na saurari abin da Pete ya kaɗa ranar 6 ga Yunin 1962, ranar da suka fara shiga situdiyon EMI a Landan. An fitar da shi a tarin Anthology na 1995, kowa zai iya nema ya ji. A Love Me Do, da an zo tsakiyar waƙar sai ya sauya salon bugu, kiɗan ya yi tangal-tangal, ka ji sauran suna lalubensa. A dandali ba mai lura, ga ihu ga zufa ga rawa. Amma makirfo ba ya kara. Kuma a lokacin babu irin gatan da muke da shi na gyara bugu ɗaya-ɗaya a kwamfuta. Duk tare ake kaɗawa a naɗa a tef, mai ganga ya zame, kowa ya koma farko. Shi ya sa George Martin, mai kula da ɗaukar sautinsu a Parlophone, ya gaya wa Epstein cewa ranar ɗauka ta gaske zai yi hayar makaɗin situdiyo.

Anti Talatu:
Bash, tsaya nan. Shi George Martin ɗin ai abin da ya yi wa Pete shi ya yi wa Ringo. Sun ɗauki waƙar da Ringo ranar 4 ga Satumba, ba a gamsu ba. Ranar 11 ga wata Ringo ya shigo ya tarar da wani Andy White zaune a kan ganguna, shi kuma aka miƙa masa ɗan bandiri mai kacau-kacau ya riƙa bugawa a gefe. To me ya sa ba a kori Ringo ba? Hayar makaɗin situdiyo al'ada ce a lokacin, ba hukuncin kisa ba ce. Martin bai ce a kori kowa ba. Su ukun ne dai suka samu abin fakewa.

Bash Mai Situdiyo:
Wannan gaskiya ne Anti, ban musa ba. Amma ki saurari abin da Ringo ya yi bayan wata biyar, ranar 11 ga Fabrairun 1963, da suka naɗi waƙoƙi goma a yini ɗaya. Mutum ne da ba ya gaba ba ya baya, kamar agogo.

Anti Talatu:
Bayan wata biyar ka ce. Shi Pete wa ya ba shi wata biyar ɗin?

Kawu Mai Garmaho:
Talatu kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bari in ba ku labarin Hamburg, don wanda bai san shi ba ba zai gane nauyin abin ba.

Yaran nan a 1960 ba kowa ba ne ko a Liverpool. Ba su da tsayayyen mai ganga. Wani Allan Williams, mai gidan shan kofi, ya samo musu aiki a Jamus wurin wani Bruno Koschmider, amma sharaɗin sai da mai ganga. Kwanaki kaɗan kafin tafiya suka tuna da Pete, don yana da sabon saitin ganguna. Aka cusa su a mota ɗaya da kayansu a sama, aka ɗora motar a jirgin ruwa. Ranar 17 ga Agusta suka fara wasa a wani kulob, Indra, a unguwar St. Pauli, unguwar matuƙan jirgin ruwa da mashaya da matan banza. George Harrison shekararsa 17.

Masaukinsu bayan allon wani gidan silima ne, Bambi Kino, kusa da ban ɗaki. Ba abin ɗumama ɗaki, ga sanyin Jamus. A famfon ban ɗakin 'yan kallo suke wanke fuska. Su yi wasa har tsakar dare ya wuce, su kwanta, sautin fim ya tashe su. Dare 48 suka yi a Indra, maƙwabta suka kai ƙara saboda hayaniya, aka mayar da su Kaiserkeller. Mai gidan ya riƙa daka musu tsawa da Jamusanci wai su motsa jiki, su yi abin kallo, kada su tsaya kamar gumaka. Waƙoƙin da suka iya ba za su cika waɗannan awoyi ba, dole suka haddace duk abin da suka ji na Chuck Berry da Little Richard da sauransu, waƙar minti uku su ja ta ta kai goma. Wa ke riƙe da bugu duk tsawon wannan dare? Mai jita yana iya jingina da bango ya huta, mai waƙa ya miƙa wa ɗan'uwansa. Mai ganga ba shi da mai karɓarsa.

Ƙarshen tafiyar ma da wulaƙanci ta zo. Da suka fara leƙa wani kulob na abokin hamayya, Top Ten, sai hukuma ta gano George bai kai shekarun aikin dare ba, aka tasa ƙeyarsa gida a watan Nuwamba. Paul da Pete kuma suka je kwashe kayansu a duhu, suka kunna wa wani ɗan abu wuta a jikin bango, Koschmider ya kai ƙara wai za su ƙona masa silima. Tare aka kulle su, tare aka koro su. Ku riƙe wannan: Paul da Pete, ɗaki ɗaya a hannun 'yan sanda.

Da suka dawo suka yi wasa a zauren Litherland ranar 27 ga Disamba, an tallata su da cewa daga Hamburg suke, har wasu suka zaci Jamusawa ne. A wannan dare 'yan rawa suka bar rawa suka ruga gaban dandali. Kiɗan da ya ja su, da ƙafar Pete a ciki.

Sadik Toxteth:
Kawu sannu da ƙoƙari. Ni karatu ya kawo ni Liverpool, shekarata ta biyu ke nan. Bara na je gidan su Pete a West Derby, inda mahaifiyarsa Mona Best ta buɗe kulob ɗin Casbah a ƙarƙashin ƙasa a 1959. Wallahi wurin bai fi zauren gidan mai unguwa ba, sai dai an rarraba shi lungu-lungu. Ni da ba dogo ba sai da na riƙa sunkuyawa. Har yanzu ga taurarin da yaran suka zana da fenti a silin, don su suka taya ta fentin wurin kafin a buɗe, kuma su suka yi wasa daren buɗewa tun suna amsa sunan Quarrymen. Iyalan gidan suna ba da labarin wai gwala-gwalanta ta jinginar ta zuba kuɗin a kan wani doki a tseren 1954, dokin ya ci, da kuɗin ta sayi gidan.

Abin da ya tsaya mini shi ne, bayan an koro su daga Jamus, matar nan da ɗanta su suka riƙa buga waya suna nema musu wuraren wasa, kafin Epstein ya bayyana. A gidanta ake ajiye kayan kiɗa. Mai tuƙa su ma, Neil Aspinall, abokin Pete ne da ke zaune a gidan. Da aka kori Pete, shi Neil ya ci gaba da aiki da su har tsufansa.

Abba Kop:
Wato gidan ma da kuɗin caca aka saya. To ai ka ji.

Nasiha Kyauta:
Ni fa ban ga amfanin wannan zance ba. Mutane suna fama da tsadar masara, ku kuna nan kuna jimamin wani Bature mai ganga da aka sallama shekara sittin da suka wuce. Yaran da ma ƙwayoyi suke sha.

Anti Talatu:
Malam, zauren tsofaffin fayafayai ka shigo, sunan yana sama. Batun ƙwaya kuma ba ƙarya ka yi ba, a Hamburg suka koyi haɗiyar wata ƙwaya mai hana barci, Preludin, don su iya kai wa asuba. Abin dariyar, wanda aka sani da ƙin shan ta a cikinsu shi ne wanda aka kora.

Malam Iro Damagaram:
Gaisuwa ga Kawu da sauran manya. Na karanta duka, ina ganin akwai abin da ake tsallakewa. Ana magana kamar mutum huɗu ne suka taso tare aka ware ɗaya. Ba haka ba ne.

John Lennon da Paul McCartney sun haɗu ranar 6 ga Yulin 1957 a wani bikin coci a Woolton, Paul yana ɗan shekara 15. Paul ya kawo George a 1958, a saman bas ya kaɗa wa John jita aka karɓe shi. Paul ya rasa mahaifiyarsa a 1956, John ya rasa tasa a 1958, mota ta kaɗe ta. Yara biyu marayun uwa suna zaune ɗaki ɗaya suna harhaɗa waƙa, wannan wata irin shaƙuwa ce da na waje ba zai shiga ba. Shi Pete buƙata ce ta kawo shi, ana saura kwana kaɗan tafiya. Kuma duk waɗanda suka san su sun yarda mutum ne mai shiru, in an tashi daga wasa sai ya kama gabansa. Su ukun bakinsu ɗaya, barkwancinsu ɗaya, har askinsu ya koma ɗaya, shi ya bar gashinsa yadda yake.

Ringo kuwa ba baƙo ba ne. A Kaiserkeller ƙungiyarsa, Rory Storm and the Hurricanes, da su ake karɓa-karɓa a dandali ɗaya tun 1960. Ranakun da Pete bai da lafiya, Ringo ya sha zama a kujerarsa. Sun ɗanɗana sun ji bambanci. Ku dubi makaɗanmu na gargajiya mana. Mai waƙa da mai kalangunsa, ido kawai za su haɗa a san inda za a juya. In wannan babu, ko makaɗin ya fi kowa iyawa, tafiyar ba za ta yi nisa ba. Ni ban kira shi cin amana ba. Aure ne da ba a yi shi don so ba, ya kai inda zai kai.

Kawu Mai Garmaho:
Malam Iro, na ji, kuma maganarka da nauyi. To amma ko auren dole ne, in za ka saki mace ai kai za ka furta, ba ka aiko maƙwabci ba. Shekara biyu kuna kwana ɗaki ɗaya kuna jin warin ban ɗaki ɗaya, a ce cikin mutum uku an rasa mai ƙarfin halin da zai dube shi ya faɗa masa? Daren 15 ga wata sun yi wasa tare a kulob ɗin Cavern na Liverpool, suka rabu lafiya, alhali an riga an gama magana da Ringo. Shi John da bakinsa daga baya ya amsa cewa ragwantaka suka yi da suka tura Epstein.

Malam Iro Damagaram:
A nan kam ba ni da ta cewa, Kawu. Sai dai a tuna babbansu shekararsa 21.

Anti Talatu:
Shekara 21 ta isa mutum ya sa hannu a kwantiragi, amma ba ta isa ya yi sallama ba?

Alhaji Na Kwari:
Ku bar ni in sa baki, don ni an yi mini irinta. Mu uku muka fara harkar yadi da teburi ɗaya, ni ke zuwa Legas a motar dare in dawo da kaya a kaina. Shekara huɗu. Da wani babban dila ya yarda zai riƙa ba mu kaya bashi, sai na zo da safe na tarar an sauya kwaɗon shago. Yaron shagon maƙwabta ne ya miƙo mini ambulan, da kuɗina a ciki cif-cif, ko sisi ba su ci mini ba. Wallahi da sun zaunar da ni sun ce Alhaji lissafinka ba ya tafiya daidai, da na haƙura, don na san ba ya tafiya. Ambulan ɗin nan ce har yau ban haɗiye ba. Ɗayansu muna haɗuwa a masallacin Juma'a, sai ya kama duba waya.

Saboda haka Bash, zancen bugu ya zame ko bai zame ba, ku masana kuka san wannan. Ni dai na san abin da mutumin nan ya ji a kan matakalar ofishin.

Bash Mai Situdiyo:
Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Ni ma ba yadda aka yi korar nake karewa ba.

Amma ku dubi halin da suke ciki. Ranar 1 ga Janairun 1962 sun je gwaji kamfanin Decca, bayan sun wuni a hanya cikin dusar ƙanƙara, suka yi waƙa 15, aka ce ba a so, aka ɗauki wasu 'yan kusa da Landan, Brian Poole and the Tremeloes. Epstein ya yi ta yawo da tef ɗin ana rufe masa ƙofa. A watan Afrilu abokinsu Stuart Sutcliffe, wanda ya fara riƙe musu jitar bes kafin ya zauna a Hamburg yana karatun zane, ya rasu yana da shekara 21. Parlophone ita ce ƙofar da ta rage. Sai mai ƙofar ya nuna ɗaya daga cikinku ya ce wannan bai yi masa ba. Yaro ɗan talaka da ya ga dama ɗaya tak a rayuwarsa, tsoro kaɗai ya isa ya sa shi yin abin kunya.

Sadik Toxteth:
Mutanen garin ma ba su yi shiru ba a lokacin. Pete yana da masoya sosai, musamman 'yan mata, har wasu ke cewa kishi ne ya jawo korar. An yi ta ihu a Cavern ana kiran sunansa, a cikin hargitsin har George ya samu kumburin ido. Cavern ɗin da ake kai 'yan yawon buɗe ido yanzu ma ba ainihin na da ba ne, an rufe wancan a 1973, aka sake gina wannan a 1984. Na Mona ne ke nan yadda yake.

Anti Talatu:
Kuma ba Pete kaɗai aka bari a tasha ba. Allan Williams da ya tuƙa su zuwa Jamus, a 1961 suka hana shi kamashonsa, wai aikin Top Ten su suka samo da kansu. Akwai kuma Lord Woodbine, baƙar fata ɗan Trinidad mai waƙar kalifso, wanda suka riƙa raɓa a kulob ɗinsa tun ba su da ko mai ganga, kuma yana cikin motar nan ta zuwa Hamburg. Sau nawa kuka ji an ambace shi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abba Kop:
Ni abin da na sani kawai, an ce Paul ɗin ya taɓa zuwa Legas 'yan fashi suka tare shi.

Kawu Mai Garmaho:
A 1973 ne, bayan Beatles ta watse, ya zo naɗar faifai a situdiyon EMI na Apapa. Har Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da ya kunna masa abin da suke naɗa ya ji. Amma wannan zancen wata rana ne, kada ka karkatar mana da akala.

Alhaji Na Kwari:
To shi Pete ɗin ina ya ƙare?

Sadik Toxteth:
Ya ɗan taɓa kiɗa da wasu ƙungiyoyi bai yi nasara ba, ya bari. Ya yi aikin lodin burodi a gidan burodi, daga baya ya samu aikin gwamnati a ofishin sama wa mutane aiki, ya yi kusan shekara ashirin a nan cikin Liverpool. Ka duba fa Alhaji, kana zaune a teburi kana cike wa marasa aiki fom, rediyon ofis yana kaɗa waƙar mutanen da kuka kwana bayan allon silima tare. A 1988 ya koma kiɗa da ƙungiyarsa. Sai a 1995, da aka fitar da Anthology ɗin da Bash ya ambata, aka sa waƙoƙin da ya kaɗa a ciki, aka biya shi haƙƙinsa.

Alhaji Na Kwari:
Shekara talatin da uku. To, rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama. Su ma ambulan suka aika masa ke nan.

Bash Mai Situdiyo:
Kawu, wace waƙa ce a faifan Baba? In Love Me Do ce, duba launin takardar tsakiya, sannan ka kasa kunne. In ka ji kacau-kacau yana bin bugun, Andy White ne a kan ganga, Ringo na gefe. In babu, Ringo ne da kansa, ɗaukar 4 ga Satumba, wadda aka fara fitarwa ranar 5 ga Oktoban 1962. Irin wannan masu tara fayafayai nemansa suke yi ido rufe.

Kawu Mai Garmaho:
Ita ce, kuma takardar ja ce. Sai dai allurar garmahon ta karye tun zamanin Shagari, bel ɗin ma ɓera ya gama da shi.

Bash Mai Situdiyo:
Ja?! Kawu don Allah kada ka goge shi da tsumma, kada ka bar shi a rana, kada ka ba Abba ya riƙe. Ina da na'urar da za ta juya shi. Ranar Asabar bayan azahar zan shigo Zariya.

Kawu Mai Garmaho:
Allah ya kawo ka lafiya. Ka taho da abin kunnen nan naka, nawa kunnen ba lallai ya rarrabe kacau-kacau da ƙarar tsatsa ba. Amma ka sani tun yanzu, ji kawai za ka yi, faifan ba ya fita daga gidan nan. Sunan Yaya na jiki.